Nikolaus Otto, Falken Da Ya Tsara Wa Inji Numfashi

Duk wanda ya tsaya a bakin hanya a Magajiya da hantsi, ko a wata unguwa cikin Suleja, kunnensa ba zai rasa ƙugin inji ba. Ga 'yan acaba, ga keke mai ƙafa uku, ga motocin da ke ɗibar ma'aikata zuwa Abuja, ga manyan tankokin mai a kan hanyar Kaduna. Galibin injunan nan a kan tsari guda su ke aiki, tsarin da wani Bajamushe, wai shi Nikolaus August Otto, ya tabbatar a shekarar 1876. In ka tambayi yara a aji wane ne ya ƙago mota, wani zai ce Benz, wani ya ce Ford, da wuya ka ji wanda zai ambaci Otto, alhali kuwa dukansu a kan tubalinsa suka yi gini. Don haka muka ga ya kamata mu kawo wa 'yan'uwa ɗalibai da malamai labarinsa, mu kuma bayyana abin da ya gano, watau cewa ƙarfin inji yana rataye ne a kan lokacin da ƙofofinsa ke buɗewa da lokacin da su ke rufewa.

Asalinsa da tashinsa

An haifi Otto ran 10 ga Yuni, 1832, a wani ƙauye da a ke kira Holzhausen, cikin ƙasar Nassau, a yammacin Jamus. Shi ne auta cikin 'ya'ya shida. Ubansa ya rasu tun yana jariri, saboda haka uwarsa ce ta yi ɗawainiyarsa. Ya yi makaranta, an ce kuwa kansa na ja, musamman wajen ilmin kimiyya. Amma a 1848, yana da shekara goma sha shida, ya bar karatu. Shekarar nan kuwa ta tarzoma ce a ƙasashen Jamus, kasuwa ta faɗi, zaman duniya ya yi tsanani. Aka sa shi koyon ciniki a kantin wani attajiri a garin Nastätten, ya shekara uku. Daga nan ya yi aikin akawu a Frankfurt, kana ya koma birnin Kolon, birnin nan na bakin kogin Rhine inda gidan rediyon Muryar Jamus ya daɗe yana watsa shirin Hausa kafin ya koma Bon a 2003.

A Kolon aikinsa fatauci ne. Yakan bi gari gari da ƙauye ƙauye yana tallar shayi da sukari da gahawa da shinkafa, yana karɓo wa iyayen gidansa odar kaya. Ba shi da takardar shaidar injiniya, bai taɓa zama a jami'a ba, bai kuwa gaji ƙira ba. A 1858 ya sadu da wata yarinya, Anna Gossi, suka yi alkawarin aure, amma rashin abin hannu ya sa sai bayan shekara goma, a 1868, aka ɗaura.

Injin Lenoir

A zamanin nan injin tururi ne sarki. Shi ke jan jirgin ƙasa, shi ke juya manyan masaƙu. Amma injin tururi yana bukatar tukunya babba, da tulin kwal, da mai hura wuta, da fili mai yawa. Ƙaramin mai sana'a, kamar kafinta ko maƙeri ko mai buga littattafai, ba shi da halin ajiye shi, dole ya yi ta aiki da ƙarfin damtse. Otto kuwa, da ya ke kullum yana cikin irin waɗannan mutane a yawon fataucinsa, ya san wannan matsala sarai.

A 1860 labari ya bazu cewa wani mutum a Paris, Etienne Lenoir, ya ƙera injin da ke ƙona iskar gas a cikin cikinsa, ba tukunya, ba tururi. Gas ɗin kuwa irin na kwal ne, wanda a ke kunna fitilun titi da shi a biranen Turai a lokacin. Ga yadda injin ke aiki. Fistin, watau murfin nan da ke kai da kawowa cikin silinda, yakan ja baya ya shaƙo gas da iska. Da ya kai rabin hanya sai a rufe ƙofa, a sa tartsatsin lantarki, gas ya kama, ya tura fistin sauran rabin hanyar. Injin yana juyawa lafiya, amma ga shi da ci kamar gara. Cikin kashi ɗari na ƙarfin da ke cikin gas, bai fi kashi 4 ko 5 ya ke mayarwa aiki ba, saura duk zafi ne da hayaƙi.

Labarin nan ya shiga ran Otto. Shi da wansa Wilhelm suka nemi gwamnati ta ba su takardar mallakar wata dabara ta sa injin ya yi aiki da barasa maimakon gas, don a iya kai shi ƙauyukan da ba su da bututun gas. Aka hana su. Bai karaya ba. A 1861 ya sa wani bakanike a Kolon, Michael Zons, ya ƙera masa ɗan ƙaramin inji irin na Lenoir, ya riƙa gwaje gwaje da shi in ya taso daga aiki. Yana canja lokacin da a ke rufe ƙofa, yana canja lokacin da a ke sa wuta, yana duban abin da zai faru. Cikin haka ya lura da wani abu: in aka bar fistin ya cika silinda da gas, sa'an nan aka komo da shi ya matse gas ɗin kafin a sa wuta, bugun da ke fita ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba.

A 1862 ya sa aka ƙera masa babban inji a kan wannan dabara. Bugun ya yi ƙarfi ƙwarai, har ya wuce abin da ƙarafan za su iya ɗauka, ba a daɗe ba injin ya ragargaje. Otto ya tsorata da wannan bugu, ya ajiye dabarar. Sai da aka shekara goma sha huɗu kana ya komo kanta.

Otto da Langen

Ya bar fatauci ya duƙufa kan ƙira, kuɗinsa suka ƙare. Ana nan sai Allah ya haɗa shi da Eugen Langen, ɗan wani attajiri mai masana'antar sukari a Kolon, wanda ya yi karatun injiniya, yana kuma da dukiya. Ran 31 ga Maris, 1864, suka kafa kamfani mai suna N. A. Otto & Cie. Wannan ya kawo dabara, wancan ya kawo jari da ilmi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Injin da suka fara fitarwa wani iri ne dabam. Silindarsa a tsaye ta ke kamar turmi mai tsawo. In gas ya kama a ƙasa, sai ya cilla fistin sama ba tare da ya juya kome ba. Da gas ya huce, sai nauyin iskar duniya da nauyin fistin su danno shi ƙasa, a wannan saukowa ne wata sanda mai haƙora ke kama ƙafar injin ta juya ta. Ta haka suka kauce wa bugun nan da ya karya injin 1862.

A 1867 suka kai shi babban bajekolin duniya a Paris. Da fari alƙalai ba su dube shi ba, don ga shi mummuna, ga ƙara kamar ana rushe gini. Amma ɗaya daga cikinsu, Franz Reuleaux, ya nace sai an auna gas ɗin da kowane inji ke ci. Da aka auna, sai aka tarar na Otto da Langen bai ci rabin abin da irin na Lenoir ke ci ba. Aka ba su lambar zinariya. Oda ta yi ta zuwa, suka ƙaura zuwa Deutz, a ƙetaren kogi daga Kolon, a 1872 kuma kamfanin ya zama Gasmotoren-Fabrik Deutz. A shekarar nan suka ɗauki mutum biyu da duniya ta san su daga baya, Gottlieb Daimler ya zama shugaban masana'anta, Wilhelm Maybach kuwa babban mai zane. An ƙera wajen 5,000 na irin wannan inji a Jamus da waɗansu ƙasashe.

Duk da haka injin yana da iyaka. Ba ya wuce ƙarfin doki uku, wanda ya kai haka kuwa sai an sama masa ɗakin da tsayinsa ya wuce ƙafa goma, ga girgiza da ke tsaga bango. Ciniki ya soma ja da baya. Otto ya ga in bai sake dabara ba kamfanin zai durƙushe, shi da ma'aikatansa duka. Sai ya waiwayi abin da ya ajiye tun 1862.

Tafiya huɗu

A farkon 1876, da taimakon wani ma'aikaci mai suna Franz Rings, ya ƙera sabon inji mai silinda ɗaya a kwance. Cikin watan Mayu ya tashi, ya yi ta juyawa sumul, ba bugu mai karya ƙarfe. Ga tsarinsa, wanda ya kamata kowane malamin makaranta ya iya zana shi a allo.

Tafiya ta fari, shaƙa. Ƙofar shiga a buɗe, fistin ya ja baya, iska da mai su cika silinda.

Tafiya ta biyu, matsa. Ƙofofi duka a rufe, fistin ya komo ya matse abin da aka shaƙa cikin ɗan ƙaramin wuri.

Tafiya ta uku, bugu. Ƙofofi na nan a rufe, a sa wuta, mai ya kama, ya tura fistin da ƙarfi. Wannan kaɗai ce tafiyar da ke ba da ƙarfi, sauran ukun nauyin babbar ƙafar injin ne ke ɗaukar su.

Tafiya ta huɗu, fitarwa. Ƙofar fita ta buɗe, fistin ya komo ya koro hayaƙi waje.

To, a nan gizo ke saƙar. Tafiya huɗun nan juyi biyu ne na babbar sandar inji, wadda kanikawa ke kira karanshaf. Amma kowace ƙofa sau ɗaya tak a ke so ta buɗe cikin juyi biyun. In da za a ɗaura ƙofofin a jikin karanshaf, da sun riƙa buɗewa kowane juyi, da ƙofar fita ta buɗe ana tsakiyar matsa, kome ya zube. Saboda haka Otto ya sa wata sanda ta biyu a gefen injin, ya haɗa ta da karanshaf da ƙafafu masu haƙora, ɗaya ta ninka ɗaya yawan haƙora. In karanshaf ya juya sau biyu, ita sau ɗaya ta ke juyawa. Ita ce ke zuga faifan ƙarfen da ke shigo da gas da harshen wuta, a jikinta kuma akwai wani tudu kamar tozon sa, wanda in ya zagayo ya ke danna ƙofar hayaƙi ta buɗe, in ya wuce sifirin ya mai da ita ta rufe. Ƙofar nan ita ce bawul, sanda mai tozo kuwa ita ce kakar abin da a ke kira kamshaf a yau.

Sanda mai tozo ba Otto ya ƙago ta ba. Kusan shekara dubu biyu da suka wuce mutanen Sin suna da injin daka na ruwa: ruwa ya juya ƙafa, ƙafa ta juya gungume mai turaku, kowane turke ya ɗaga taɓarya ya sake ta cikin turmi. Haka kuma wani masani Musulmi, al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir aiki a ƙasar da ta ke Turkiyya yanzu, ya bayyana sanduna masu turaku cikin littafinsa na dabarun injuna da ya gama a 1206. Abin da Otto ya yi shi ne ya ɗauki tsohuwar dabarar nan, ya rage mata gudu zuwa rabi, ya ba ta aikin tsaron ƙofofin wuta.

Wanda ya taɓa ganin mata uku suna lugude a turmi guda ya riga ya fahimci kamshaf. Kowace taɓarya da lokacin saukarta. In ɗaya ta yi gaggawa ko ta makara ko da ƙiftawar ido ne, taɓare su yi karo, hatsi ya watse. Ƙarfin damtsen matan bai ragu ba, lokaci ne ya ɓaci.

Ga abin da tsarin ya haifar, in an gwada injuna biyu masu ƙarfin doki biyu biyu. Tsohon injin Otto da Langen nauyinsa wajen laba 4,000 ne, yana bugu 28 a minti. Sabon kuwa laba 1,250, yana juyi 160 a minti, bugu 80, watau rabin juyin daidai. Tsohon yana mai da kashi 11 cikin ɗari na ƙarfin gas aiki, sabon kashi 14. Ƙararsa kuma ta ragu har Ingilishi suka riƙa tallarsa da sunan inji marar ƙara. Maybach ya gyara shi don a ƙera da yawa. A 1877 gwamnatin Jamus ta ba da takardar mallaka mai lamba 532. Kamfanin 'yan'uwan nan Crossley na Manchester ya sayi izinin ƙera shi a Ingila. Kafin 1890 an sayar da kusan 50,000 a Turai da Amurka.

Shari'a da ƙarshen rayuwarsa

Ɗaukaka ta zo. A 1882 Jami'ar Würzburg ta ba shi digirin girmamawa na dakta, shi da bai gama sakandare ba. A 1884 ya fito da wata dabarar kunna wuta da maganaɗisu, wadda ta sa inji ya iya aiki da mai mai ruwa, nesa da bututun gas na birni, abin da ya ke buri tun 1861. Amma zaman gida bai yi daɗi ba. Shi da Daimler ba sa ga maciji, kowa da taurin kansa, har a 1882 Daimler ya bar kamfanin, Maybach ya bi shi.

Babbar masifa kuwa ta wajen takardar mallaka ta ɓullo. Takardar ta hana kowa ƙera inji mai tafiya huɗu sai ya biya Deutz. Waɗansu maƙera, kamar Dugald Clerk a Birtaniya da Karl Benz a Mannheim, suka koma neman inji mai tafiya biyu don su kauce mata. Waɗansu kuwa suka tafi kotu. Cikin tone tone aka tono wata 'yar ƙasida da wani injiniya Bafaranshe, Alphonse Beau de Rochas, ya rubuta a 1862, inda ya lissafta tafiya huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Shi bai taɓa ƙera injin ba, ƙasidar kuma ba ta yaɗu ba, ba kuwa wata shaida cewa Otto ya taɓa ganinta. Amma a shari'a wanda ya riga rubutawa ya riga.

Akwai kuma wani rauni a wajen Otto kansa. Shi a ganinsa abin da ya sa injinsa ke tafiya sumul shi ne gas da iska suna jeruwa hawa hawa cikin silinda, mai kauri kusa da wuta, marar kauri kusa da fistin, don haka wuta ke ci a hankali. A kan wannan ya kafa yawancin hujjarsa. Masana suka gwada, suka ga ba haka abin ya ke ba, asirin yana ga matsawa da kuma tsarin tafiya huɗu. Mutum ya ƙera abu ya yi aiki, amma bayaninsa na dalilin aikin ya kauce. Ran 30 ga Janairu, 1886, babbar kotun Jamus a Leipzig ta soke muhimman sassan takardar. A Ingila dai kotu ta tsaya masa. Abin mamaki, ana gobe za a yanke hukuncin nan, ran 29 ga Janairu, Karl Benz ya shigar da takardar motarsa mai ƙafa uku, injinta kuwa mai tafiya huɗu ne.

Faɗuwar wani tashin wani. Da takardar ta faɗi, kowa ya sami damar ƙerawa da gyarawa, injin ya yi ta ƙanƙancewa yana ƙara sauri, ya shiga mota da babur da kwalekwale, daga baya har jirgin sama. A 1897 Rudolf Diesel ya tabbatar da nasa injin, wanda ba ya bukatar fulogi, amma shi ma tafiya huɗun nan ya bi. Otto kuwa abin ya ci masa rai, ya ga kamar an ƙwace masa sunansa ne. Ya rasu a Kolon ran 26 ga Janairu, 1891, yana da shekara 58, aka binne shi a maƙabartar Melaten. Ya haifi 'ya'ya bakwai, ɗansa Gustav ya zama maƙerin jiragen sama a Munich. Kamfanin Deutz yana nan har yau yana ƙera injuna, a Jamus kuma har yanzu injin fetur da sunan Otto a ke kiransa.

Abin da aka gano bayansa

Injin Otto a hankali ya ke juyawa, don haka ya isa a buɗe ƙofa kusa da farkon tafiya a rufe ta kusa da ƙarshe. Motar yau kuwa tana juyi 3,000 a minti tana tafiyar yau da kullum. Ku yi lissafi: kowane bawul zai buɗe ya rufe sau 1,500 a minti, watau sau 25 a daƙiƙa guda. A irin wannan sauri aka gane cewa iska ma tana da nauyi, ba ta tashi nan take, in ta tashi kuma ba ta tsayawa nan take, kamar garken shanu a ƙofar gari.

Saboda haka maƙera suka sake lissafi. Juyi guda digiri 360 ne. Bawul ɗin shiga yakan soma buɗewa kaɗan kafin fistin ya kai ƙoli, ba ya kuwa rufewa sai fistin ya wuce ƙasa da digiri 40 ko 50, wani lokaci fiye, domin iskar da ta riga ta taho a guje ta ci gaba da cusa kanta ko da fistin ya soma komowa. Bawul ɗin fita shi ma yakan buɗe kafin tafiyar bugu ta ƙare, don hayaƙi ya fita da ƙarfin kansa, kada fistin ya sha wahalar turo shi. A ƙarshen fitarwa kuma akwai ɗan lokacin da ƙofofin biyu ke buɗe tare, hayaƙi mai fita yana janyo sabuwar iska a bayansa.

Duk wannan a jikin tozon kamshaf a ke sassaƙa shi. Tsayin tozo shi ke nuna iyakar yadda bawul zai buɗe, faɗinsa shi ke nuna daɗewarsa a buɗe, wurin da aka dasa shi a jikin sanda shi ke nuna lokacin. Tozo mai faɗi yana ba inji ƙarfi in yana gudu ƙwarai, amma in yana tsaye sai ya riƙa kakkarwa, ya sha mai, ya yi sanyin tashi, don iskar da ba ta da gudu takan komo ta ƙofar da aka bari a buɗe. Tozo siriri yana ba da ƙarfin ja tun daga ƙasa, irin wanda motar kaya ke bukata a hawan tudu, amma in an taka sosai numfashi ya ƙare. Ba a samun biyu a tozo guda, dole maƙeri ya zaɓi wanda ya dace da aikin motar.

Wurin zaman sandar ma ya canja. A tsofaffin motoci, kamar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, kamshaf a cikin gangar injin ya ke, sarƙa ke juya shi, yana tura bawul ta hanyar waɗansu dogayen sanduna. A galibin motocin yanzu a saman injin ya ke, sau da yawa ma guda biyu ne, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Wannan tsari kuwa Peugeot ɗin ne ya yi suna da shi, da motar tserensa da ta ci babbar gasar Faransa a 1912. Daga baya aka sami hanyar sa inji ya canja lokacin bawul yana cikin tafiya. Alfa Romeo ya fara sayar da irin wannan mota a 1980, Honda ya fito da VTEC a 1989, mai tozo iri biyu, na tafiyar hankali da na gudu, Toyota kuma ya kawo VVT-i a 1995. Amma a cikinsu duka, ƙa'idar 1876 ba ta motsa ba: karanshaf biyu, kamshaf ɗaya.

Wannan ne dalilin da ya sa bakanike ke ɗaukar saitin tayimin da muhimmanci, yana duban alamun da aka yi a jikin ƙafafun kafin ya ɗaura bel ko sarƙa. A ce ƙafar kamshaf tana da haƙora 40. Haƙori guda digiri 9 ne a kamshaf, digiri 18 ke nan a karanshaf. In aka kuskure haƙori ɗaya tak, mota za ta tashi, amma ba ƙarfi, ga shan mai, ga zafi. In kuwa bel ya tsinke ana cikin gudu, a injuna da yawa fistin zai tarar da bawul a buɗe ya nushe shi ya lanƙwashe, aikin ɗan kuɗi kaɗan ya zama na sauke inji. Mai mota ya kiyaye lokacin canjin bel da maƙera suka rubuta. A lura kuma, ƙaramin janareton nan da a ke zuba wa fetur gauraye da baƙin mai ba ya cikin wannan lissafi, shi mai tafiya biyu ne, ba shi da kamshaf, fistin ne da kansa ke buɗe ramuka a jikin silinda yana rufewa.

Ga masu shirin koyarwa

'Yan'uwa, gobe mu ne a gaban allo. Darasin nan ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Yaran da ke ƙera motar kara da langalanga za su iya fafe ɗan katako su yi shi kamar ƙwai, su soke shi da kara, su ɗora wani kara a tsaye a kansa, su juya su ga yana hawa yana sauka. A yi biyu, mai faɗi da siriri, a tambaye su wanne ya fi daɗewa a sama. A ba su lissafin haƙora 20 da 40 a darasin lissafi. In da hali a roƙi wani bakanike tsohon kamshaf da ya jefar, a kawo aji kowa ya shafa tozon da hannunsa.

A kuma gaya musu labarin mutumin yadda ya ke, da nasararsa da kuskurensa. Maraya ne, ya bar makaranta da wuri, injinsa na fari ya karye, ya shekara goma sha huɗu kafin ya gane inda zai ɓullo wa abin, bayan ya gane kuma kotu ta karɓe takardarsa. Cikin yaran da za a ba mu akwai waɗanda ba za su wuce sakandare ba, waɗansu gareji za su ƙare. In mun koya musu su riƙa tambayar dalilin kowane abu, su canja abu ɗaya su dubi sakamakonsa kamar yadda Otto ya yi da ɗan injinsa a 1861, to, mun ba su abin da zai amfane su ko'ina suka sami kansu. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.